Idon Inna a Bayan Gilashi

Ni da ma can ban so tafiyar nan ba. Hedimasta ne ya kafe, wai tunda an ba makarantarmu ta Kathaldi bas kyauta, dole 'yan aji huɗu su je birni su ga gidan adana kayan gargajiya, kuma da ni za a je. Da safiyar Asabar ɗin kuwa sai ƙafarsa ta tashi. Ƙafar nan tasa ta san ranakun wahala sarai, ban taɓa jin ta tashi ranar biki ba.

Haka na kwashi yara goma sha tara ni kaɗai, na ƙara da tawa, Salge, wadda ke aji biyu kuma ba ta cikin lissafi. Ba na iya barin ta a gida. Wata biyar ke nan da yanar ido ta fara rufe mata gani. Da fari allo ne ba ta gani, daga baya fuskar mutum in ya ɗan yi nisa, yanzu kuwa in ka leƙa za ka ga baƙin tsakiyar idon ya soma yin fari-fari kamar an ɗiga ruwan shinkafa. Likitan asibitin garin Dumka ya sa mana Alhamis mai zuwa don yin aiki. Ya ce na hagu yana sa rai, na dama bai yi mini alkawari ba. Da maganar nan nake kwana nake tashi, kuma tsoro nake ji, ba na ɓoyewa.

Awa uku muka yi a hanya, hadari na bin mu tun daga gadar garinmu, bai zubo ba kuma bai watse ba. Gidan da muka je tsohon gidan wani mai gonaki ne, bene mai dogayen baranda, ko'ina warin danshi. Mai kula da wurin, wani siriri mai suna Sanyal, ya tarbe mu a ƙofa da biro a hannu. Da biron yake nuna komai, har da mutane.

"Ku ne 'yan ƙabilar Santal ɗin?" in ji shi, yana jan magana a hankali kamar da kurame yake yi. "Madalla. Yau za ku ga kayan kakanninku. Ba a taɓawa, ba a jingina, ba a gudu."

Kayan kakanninmu kuwa mun gan su. Ga tarkon kifi irin wanda ke rataye a bayan ɗakina, ga ganga, ga tsintsiya, kowanne an ba shi lamba an rufe cikin gilashi. Dulari, wadda bakinta bai san hutu ba, ta ja mini gefen zanena na sari.

"Malama, wannan ai irin tsintsiyarmu ce! In na kawo tamu za su sa ta a gilashi?"

"Ke za a sa," in ji Chunu, abokin faɗanta tun aji ɗaya. "A rubuta a ƙasa: rediyon ƙauye, ba ya buƙatar batir."

"Kai kuma a ɗakin dodanni za a rataye ka, ba sai an sassaƙa maka fuska ba."

Na daka musu tsawa suka yi shiru, na minti guda.

A ɗakin dodannin ne, inda aka jera fuskokin katako na rawa masu haƙora waje da jajayen harsuna, wuta ta ɗauke. Ɗakin ba taga. Yara suka sa ihu, wani ya taka ni, wata ta ƙanƙame mini ƙugu. Salge kaɗai ce ba ta yi ihu ba. Ta matse mini yatsu ta ce a hankali, "Mama, an kashe wuta ne?"

"Eh, an kashe. Yanzu za a kawo."

Da ihun ya lafa sai na ji wani abu a bayanmu. Shaa, shaa, a jikin bango, yana tahowa sannu-sannu, irin ƙarar tafin hannun mai lalube. Ni mace ce mai takardar koyarwa, na sha gaya wa yara babu komai cikin duhu sai abin da ke nan da rana, amma tsikar jikina ta tashi. Da wutar ta dawo sai ga wata tsohuwa gajera da tsumma a hannu, tana goge sawun yatsun yara a gilashi. Ko duhun bai tsayar da ita ba. Daga nan duk ɗakin da muka bari sai ta shiga, kuma ina jin tsummanta a bayanmu.

Ɗakin ƙarshe siriri ne, kusan lungu. Takardu ne ƙanana jere a bango guda, kowace ba ta fi tafin hannu biyu ba, an sa su can cikin akwatin gilashi. Ina shiga na gane su.

A wajenmu babu wanda bai san su ba. In an yi mutuwa a gida, bayan 'yan kwanaki mai zanen matattu zai zo ya zauna a ƙofa ya buɗe takarda. Ga mamacin nan ya zana shi, komai da komai, sai dai idon fari fat, ba baƙi a ciki. A gefe kuma ya zana abin da yake so a ba shi daga kayan gidan, akuya ko kaza ko kwano. Sai ya ce naku yana can yana yawo a makance, bai ga hanyar zuwa wajen kakanni ba. In an ba shi abin, ya tsoma alkalaminsa cikin baƙin fitila ya ɗiga ɗigo biyu, mamaci ya ga hanya, kowa ya huta.

Waɗannan na bango su goma sha ɗaya ne, kuma babu mai ido ko ɗaya. Yaran da suka wuni suna tsalle suka yi tsit ba tare da na ce kanzil ba.

"Waɗannan su ne abin alfaharinmu," in ji Sanyal, yana ƙwanƙwasa gilashin da biro. "Masu ido ana samun su ko'ina. Marasa ido kuwa sai an tona, don sai iyalan mamaci sun ƙi biya ake samun irinsu. Da wuya ƙwarai a ƙi, kun san halin mutanenku da camfi."

Salge ta saki hannuna. Ita yanzu sai ta manna hanci da abu take ganin sa, don haka ta bi jerin ɗaya bayan ɗaya, numfashinta na barin tururi a gilashi. A ta bakwai ta tsaya.

"Mama, ga kwanona."

"Wane kwano kuma? Matso, an ce ba a jingina."

"Kwanona na cin shinkafa. Ga inda ya lotse."

Na sunkuya. Kwanon tagulla ne mai lotsewa a baki, daidai inda ya bugi dutsen niƙa tun ina yarinya. Gefensa baƙar kaza mai farin fiffike guda. Sama da su mace ce zaune, da zanen shasshawa daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, hannun dama yatsu huɗu, don lauje ya cinye ƙaramin tun kafin a haife ni. Innata ce. Idonta fari, fuskarta ta ɗan karkata kamar mai sauraron inda murya take.

Shekara goma sha huɗu ke nan. Ina kwalejin horon malamai ina jarrabawa ta rasu, aka ɓoye mini har na gama, na dawo na tarar an riga an ƙone gawa. Kwana biyu da dawowata wani tsoho mai suna Nitai ya zauna a ƙofarmu ya buɗe wannan takarda. Babana ya miƙe zai kamo kazar. Ni kuwa kaina cike da littafi, zuciyata cike da haushin da ban san inda zan sauke ba. Na ce da tsohon ɓarawo ne mai cin gawa, na ce tun Inna na kwance yake leƙen gidanmu yana zaɓen kwano, na ɗauki tsintsiya. Maƙwabta na kallo. Ya naɗe takardarsa bai yi sauri ba, ya ce, "Ni ba gaggawa nake ba, 'yata. Ita ce ke cikin duhu." Babana ya saki kazar ya koma ya zauna, kuma har ya mutu bai taɓa tada mini maganar ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na miƙe na fuskanci Sanyal.

"Yallaɓai, wannan uwata ce."

"To, to," in ji shi, fuskarsa ta washe. "Abin sha'awa! Ki ba ni sunanta mu ƙara a bayani."

"Ba suna na zo bayarwa ba. Buɗe mini za ka yi a sa mata ido."

Ya yi 'yar dariya, ya ga ba na dariya, ya daina. "Malama, ke fa mai ilimi ce. In aka ɗiga ko ɗigo ɗaya an lalata ta ke nan. Kayan hukuma ne, ko ni ba ni da makullin, sai an rubuta takarda."

"Hukuma ce ta haife ni? Wa ya ba ku izinin rataye uwar mutum a bango kamar kalanda?"

"Saya muka yi, da rasit."

Na faɗa masa inda zai kai rasit ɗinsa, a gaban yara, abin da bai kamata ba. Ya ja baya ya ce lokacin cin abinci ya yi, mu sauka baranda.

A ƙasa yara suka zauna a jere, na raba musu gasasshiyar shinkafa da soyayyen dankali a ganye. Ruwa ya soma sauka a lokacin. Can ƙarshen barandar wani mutum ne zaune a tabarma, cikin masu sana'ar da ake bari su baje koli don baƙi, yana zana kifaye a doguwar takarda, ƙoƙunan kwakwa cike da launi kewaye da shi. Na ja Salge muka je. Na tambaye shi ko ya san wani Nitai mai zanen matattu daga wajen Dumka.

Bai ɗago ba. "Babana ne. Ya yi shekara takwas da rasuwa. Ni ne Haradhan. Ta nawa ce taki?"

"Ta bakwai."

"Mai kwano." Sai a lokacin ya dube ni. "Ashe ke ce mai tsintsiya."

Na haɗiye maganar. Ban saba haɗiyewa ba.

"Shekara shida yana yawo da ita a jakarsa," in ji shi. "Duk ya bi ta Kathaldi sai ya rage tafiya a ƙofarku, ko za a kira shi. Sai da ciwo ya kwantar da shi mutanen birni suka zo suka kwashe jakar gaba ɗaya."

"To ka zana wata. Ka zana sabuwa ka sa mata ido, zan kawo kwanon, zan kawo kaza biyu ma."

"Mutum ɗaya takarda ɗaya, Malama. Tana cikin waccan."

Salge ta durƙusa tana shinshina ƙoƙunan launi. Ya kama haɓarta a hankali ya juya fuskarta wajen haske, ya daɗe yana kallon idon.

"Yaya sunanki, 'yar gari?"

"Salge."

"Sunan wa kika ci?"

"Na kakata, Innar Mama. Ni ce 'ya mace ta biyu, ai dole."

Ya saki haɓarta, ya goge hannu a zaninsa. Na san abin da yake tunani: duhun Inna ne ya sauka a kan takwararta.

"Yanar ido ce," na ce. "Likita ya duba da na'ura. Yanar ido ce, ana haifar yara da ita, Alhamis za a cire."

"Ai ban ce ba yana ba ce."

Ya sa hannu ƙarƙashin tabarma ya zaro ɗan siririn alkalamin gashi da murfin kwalba mai baƙin fitila a ciki, a kwaɓe, a shirye. Ban tambayi kaina me ya sa yake a shirye ba sai daga baya.

"Ni in na hau da wannan, gobe ba ni a barandar nan," in ji shi. "Ke kuwa kora kika iya, ba a korar ki. Gilashin ba zai buɗu ba, sai dai a kansa. Ko zai isa gare ta, ban sani ba, kada ki ce na ce. Kwanon kuma ki kawo in kin tashi."

Na koma wajen yara na kira Dulari da Chunu gefe.

"Ina so ku yi faɗa."

Suka dubi juna. "Malama, ba mu yi komai ba."

"Na sani. Ku yi nake cewa. A ƙofar ofishin mai biro, da ƙarfi, kada ku bari sai na dawo."

"Da gaske-gaske?" in ji Dulari, idonta na ƙyalli. "Har da jan gashi?"

"Ban da cizo."

Ban kai rabin bene ba na ji ta soma lissafa masa kakanninsa, sauran yara na zuga su, muryar Sanyal na cewa haba, haba, yara.

Lungun ba kowa. Su goma sha ɗayan suna nan da fararen idanunsu, ruwa na dukan rufi. Na tsaya gaban Inna, na rufe ido ɗaya na auna, na ɗiga baƙi biyu a kan gilashin daidai idonta.

"Mama, a goshi kika sa mata."

Tsakanin gilashin da takardar akwai kamar faɗin yatsu huɗu. Abin da ya yi daidai daga tsayina, daga tsayin yarinya ya kauce. Na tsaya da alkalami a hannu. Ɗaya daga cikinmu kaɗai za ta iya gani, kuma ba sai an gaya mini wadda ta fi buƙata ba. Na goge da gefen sari, na durƙusa a kan gwiwoyina a siminti, na haɗa kumatuna da na Salge, na sake ɗigawa.

Inna ta dube mu.

Na yi zaton fushi zan gani. Shekara goma sha huɗu ina shirin fushin nan. Amma kallon da take yi mini in na yi yamma a hanyar makaranta ne, tana tsaye a ƙofa da hannu a goshi. Na ce, "Inna, ni ce Maino. Na makara." Abin da ya fito ke nan. Na yi kuka har majina, ni da ban yi ba ranar da na dawo na tarar da toka.

Salge ta zame daga jikina ta ja da baya, taku ɗaya, biyu, har bayanta ya taɓa ƙofa.

"Mama, ina ganin kwanon daga nan. Har lotsewar."

Taku shida ne, ita da ba ta gane fuskata a taku uku. Na ɗaga yatsu kamar yadda likita ke yi. "Nawa ne?"

"Uku."

Uku ne. Sai dai Salge duk lokacin da take canka uku take cewa, na san haka. Na so in canja yatsun in sake tambaya, na kasa, na sauke hannun.

A ƙasa direba ya danna hon. Ta ɗaya ƙofar lungun kuma sai ga tsohuwar nan da tsummanta da 'yar kwalbar ruwa. Ta fesa wa gilashin farko ta soma. Na miƙe na tare ta.

"Iya, don Allah ki tsallake ta bakwai. Kwana biyar kawai. Zuwa Alhamis."

Ta dubi ɗigon, ta dubi alkalamin da ke hannuna, ta dubi yarinyar. Ba ta yi mamaki ba.

"'Yata, ƙarfe huɗu yake bi da biro yana dubawa. In ya ga tabo, ni ce a waje, jikoki uku ke ci a tsumman nan." Ta nuna da haɓa. "Kin ga na uku can, mai akuya? Ɗansa duk wata yake zuwa, da kwalli. Ta tara kuma mijinta ne ke zuwa, har ya daina, ina jin ya bi ta. Ni ke gogewa. Kina tsammani daɗi nake ji?"

"Idon yarinyata ne, Iya."

"Na gani." Ta matse tsumman. "Zan bar taku a ƙarshe. Iyakar abin da zan iya ke nan. Ku yi sauri ku yi nisa, kada ku ji lokacin da zan goge ta."

Ina jin ta kuwa. Muka bi doguwar baranda ta sama, Salge na gaba tana tafiya ba ta riƙe ni ba, har tana tsallake wani bokiti da aka ajiye don yoyon rufi, ni kuma kunnena na baya. Shaa, shaa, sai ta tsaya, sai ta matsa. Na ƙirga ba da son raina ba. Huɗu. Biyar. Shida. Ta tsallake, na ji takunta ya yi tsawo. Takwas. Muka sauka bene, muka wuce ɗakin dodanni, muka wuce tsintsiya mai lamba. Daga nan ba na ji kuma, sai dai na ci gaba da ƙirgawa a zuci.

A zauren fita yara sun jeru, Dulari da gashi a tsefe tana murmushin nasara, Chunu na riƙe da kunne, Sanyal na jiran ya faɗa mini ra'ayinsa game da tarbiyyar makarantarmu. Ruwa ya ɗauke, rana ta fito tana haska jiƙaƙƙen tsakar gida har tana kashe ido. Fitilun zauren duka a kunne, fanka na juyawa.

Salge ta tsaya cak a tsakiyar zauren. Ta miƙo hannu wajen da take zaton nake, ta kama iska, ta sake miƙowa.

"Mama, an kashe wuta ne?"

Na dubi fitilun. Na dubi ranar. Yara goma sha tara suna kallona.

"Eh," na ce, na kama hannun. "An kashe. Yanzu za a kawo."